Magana Zarar Bunu: Ko Mutum Yana da Iko Ya Share Abin da Ya Faɗa?

Wata rana da la'asar mutum biyu suka yi mini sallama, kowanne da wayarsa a hannu, fuska a ɗaure. Maƙwabtan juna ne a wata unguwa a nan Sakkwato, sun fi shekara goma suna gaisawa kowace safiya, 'ya'yansu suna cin tuwo a kwano ɗaya. Na shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwan sanyi, ba wanda ya taɓa moɗa.

Ga abin da ya kawo su. Rijiyar burtsatse ta layinsu ta lalace, mutanen layi suka yi karo-karo domin a gyara, suka danƙa kuɗin a hannun ɗayansu, suka ce shi ne ma'aji. Suna da zaure a cikin WhatsApp inda suke sanar da juna abin da ake ciki. Mako shida suka wuce ruwa bai zo ba, ga zafin bazara, mata da yara suna ta bin 'yan garuwa. A daren da ya gabata na biyun ya rubuta a zauren cewa ma'aji ya ci kuɗin jama'a, har ya ƙara da cewa kowa ya ga sabon babur a ƙofar gidansa. Ma'aji ya farka cikin dare ya gani, zuciya ta ɗebe shi, ya jero saƙo uku masu zafi. A na fari ya kira shi maƙaryaci, a na biyu ya tono wani tsohon bashi da ke kansa, a na uku ya taɓa gidansu. Da gari ya waye mai zargin ya gamu da mai gyara a hanya, mai gyara ya gaya masa kuɗi suna hannunsa tun tuni, kayan aiki ake jira daga Kano. Kunya ta rufe shi, ya sa yatsa ya share abin da ya rubuta. Waɗanda suka buɗe wayarsu da hantsi ba su ga zargi ba. Abin da suka tarar shi ne 'yar alama mai cewa an share saƙo, a ƙarƙashinta kuwa ga zagin ma'aji yana tsaye shi kaɗai, kamar na mutumin da ya tashi tsakar dare yana zagin maƙwabcinsa ba gaira ba dalili.

Ma'aji ya ce, "Fasto, ya yi jifa ya ɓoye hannu. Yanzu ni ne mahaukacin layi." Ɗayan ya ce, "Fasto, maganata ce, da hannuna na rubuta ta. Na ga ƙarya ce, na ɗauke ta. Ko so yake in bar ƙarya ta wuni a gaban mutane?" Na dubi wannan, na dubi wancan, na ga kowa yana riƙe da gaskiya, amma ba wanda ya riƙe ta duka. Tun daga ran nan nake juya zancen a zuciyata, shi ne na ga ya kamata in kawo shi gabanku, ya ku masu karatu, gama da wuya a sami gidan da wannan tambaya ba ta shiga ba a yau.

Kakanninmu sun ce magana zarar bunu ce. Wanda ya taɓa zare tsinke ɗaya daga jinkar ɗaki ya san ba ya komawa wurinsa. Sun faɗi haka domin baki ba shi da magogi. Amma ga shi zamani ya kawo wani abu mai cewa bunu yana komawa. A shekarar 2017 masu WhatsApp suka ba mutum iko ya share saƙon da ya aika, ya ɓace daga wayarsa da wayoyin waɗanda ya aika wa duka. Da fari minti 7 kaɗai suka ba shi. Daga baya suka yi ta ƙarawa, har a 2022 suka kai shi kwana 2 da ɗoriya. A Facebook da makamantansa mutum yana iya komawa ga abin da ya rubuta shekara 10 da suka wuce ya kawar da shi. Ikon yana nan a kan yatsanmu, ba gardama. Abin da ya rage a bincika shi ne ko daidai ne a yi aiki da shi, da wane lokaci kuma.

Bari in fara da wanda ya share, gama akwai masu saurin ba shi laifi. Ku tuna da allo. Kowane yaron Sakkwato, ko wane addini iyayensa suke bi, ya taɓa ganin almajiri yana wanke allonsa. Ya rubuta da tawada, ya biya, malam ya ji ya kiyaye, ya ce ya wanke. In ya bushe a rana sai a rubuta na gaba. Da a ce tawadar ba ta wankuwa, da ba wanda zai yi nisa da karatu, gama kowane kuskuren harafi zai bi yaro har tsufansa. Yawancin abin da muke rubutawa a waya rubutun allo ne. Hira ce, wasa ne, gwajin tunani ne, wani lokaci kuwa fushin dare ne wanda safiya za ta ji kunyarsa. A dā irin wannan magana iska ce take kwashe ta. Saurayi ya yi ɓaramɓarama a dandali, mutum biyar suka ji, bayan shekara an manta, ya girma ya zama dattijo ana neman shawararsa. Lalle mantuwa tana cikin jinƙan da aka yi wa 'yan Adam. Yanzu an ɗauki hirar dandali an mai da ita rubutu mai daɗewa. Yarinya 'yar shekara 16 ta rubuta wauta, ranar da aka zo neman aurenta, ko ranar da ta je neman aiki, wani ya tono. Wanda ya ce kada a ba ta ikon wankewa, ya tambayi kansa ko zai so a karanta duk abin da bakinsa ya furta yana ɗan shekara 16, a gaban surukansa.

Akwai ma inda sharewa wajibi ce. Ka aika saƙon matarka zuwa zauren jama'a bisa kuskure, ko ka tona asirin wani wanda ya ba ka amana, ko ka tura labarin mutuwar mutumin da yake da rai. A nan jinkiri shi ne laifi. Maganar mai zargin nan ma tana da nauyi: muddin zargin yana tsaye, kowane sabon ido da ya faɗa kansa sabon rauni ne ga ma'aji. Wanda ya ga ya kunna wuta a jinka ba ya tsayawa ya ce bari mutane su zo su shaida ni na kunna. Kashewa yake fara yi.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi, mu mazauna wannan birni ba sai an gaya mana ba. Ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, bayan wani saƙon murya da ta aika a zauren 'yan ajinsu, wanda waɗansu suka ce ɓatanci ne ga Annabi Muhammadu. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, haka kuma Bishop Matthew Kukah. Gwamna na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya rufe makarantar, bayan kwana 2 kuma ya sa dokar hana fita a cikin gari. Babu maganar da ta ba taron mutane iko su ɗauki rai, wannan ba abin ciniki ba ne. Na ambaci wannan rana da nauyin zuciya, domin dalili ɗaya. A garin da magana ta minti ɗaya take iya tada wuta irin wannan, duk uban da ya ga ɗansa ya rubuta abin da zai jawo fitina zai ce masa, "Share yanzu-yanzu." Ba zai tsaya dogon nazari ba, ni ma ba zan ga laifinsa ba. A hana yaro da talaka magogi a wuri irin namu, mugunta ce.

To, ashe ke nan mai zargin ya yi daidai? Da sauran magana.

Ku je Kara ku tsaya inda ake cinikin raguna. Mai saye ya taya, mai rago ya ce albarka, aka yi ta ja, dillali yana tsakani, har mai rago ya ce, "Na sallama." Daga bakinsa ta fito, amma daga lokacin nan ta daina zama tasa shi kaɗai. Mai saye ya fara ƙirga kuɗi, ya saki wani ragon da yake tayi, ya kira yaro ya kama igiya. In mai rago ya hango wani ya zo da tayi mafi tsoka ya ce, "Maganata ce, na ɗauke abata," duk kasuwa za ta taso masa. Don me? Domin wani ya riga ya ɗora kaya a kan maganar. Haka alkawari yake, haka baiko, haka shaida a gaban alƙali. Magana taka ce tun tana cikinka. In ta fita ba wanda ya amsa, tana nan kusa da kai, kana iya miƙa hannu ka kamo ta. Amma in wani ya amsa, ko ya yi fushi saboda ita, ko ya kashe kuɗi, ko ya buɗe nasa cikin, ta zama kamar katangar da ke tsakanin gida biyu. Kai ka gina ta, amma maƙwabcinka ya jingina ɗakinsa da ita. In ka rushe don taka ce, rufinsa zai faɗo masa a ka. Abin da ya sami ma'aji ke nan. Zaginsa mummuna ne, ban wanke shi ba, amma amsa ce. Da aka zare abin da yake amsawa, sai ta rikiɗa ta koma shaidar zur a kansa. Mai zargin ya share ƙarya ɗaya, ya bar wata sabuwa a madadinta, ba tare da ya rubuta ko harafi ba.

Magabatan wannan birni sun san darajar barin magana tare da amsarta. Sa'ad da yaƙin jihadi ya kai ƙasar Barno, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ake kira Shehu Laminu, ya aiko da wasiƙu yana tuhumar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana tambaya da wace hujja suke yaƙar mutanen da ke salla suna azumi. Tuhuma ce mai kaifi ƙwarai. Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809, daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1817, yana da iko ya jefa takardun a wuta ya rubuta amsarsa ita kaɗai. Bai yi haka ba. A littafinsa Infakul Maisuri, na shekarar 1812, ya kwafe maganar abokin gardamarsa, sa'an nan ya bi ta da tasa. Saboda haka har wa yau, bayan shekara 200 da ɗoriya, mai karatu yana iya jin baki biyu ya auna da kansa, yana iya ma ganin hujjar mutumin Barno ta fi ƙarfi. Bello ya ɗauki wannan kasada. Ba sai ra'ayinmu ya zo ɗaya da nasa a kan yaƙin ba kafin mu ga cewa wannan halin malami ne na gaske.

Akwai wata takarda kuma ta wannan birni wadda darasinta ya shafi mai sharewa kansa. Gwamna Lugga ya ba da rahoto cewa wajen watan Mayu 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, mai cewa ba abin da ke tsakaninsa da Nasara sai yaƙi. Da wannan wasiƙa Lugga ya kafa hujja a gaban manyansa na Landan. Sarkin ya rasu a cikin shekarar nan, ran 15 ga Maris 1903 kuwa sojan Ingila suka ci Sakkwato a zamanin Attahiru. Da masu binciken tarihi suka zo neman ainihin takardar ta Larabci ba su same ta ba, fassarar Turanci ce ta saura. A 1964 wani tsohon ma'aikacin gwamnatin Turawa a Arewa, D. J. M. Muffett, ya buga littafi yana shakkar labarin wasiƙar, masana suka yi ta gardama a kai. Ku dubi yadda abin yake. Ainihin maganar sarki ya ɓace, abin da duniya ta riƙe shi ne abin da abokin gabansa ya ce ya faɗa.

Wannan shi ne ramin da mai sharewa yake haƙa wa kansa bai sani ba. Yana tsammani in ya danna, maganar ta mutu. Ina! Tun kafin ya danna wani ya ɗauki hotonta, wani ya tura ta gaba, wani ya karanta wa matarsa. Abin da ya mutu shi ne nasa kwafin, watau wanda ke ɗauke da abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Na hannun mutane yana nan, an yanke masa kai da ƙafa, wani lokaci an ƙara masa gishiri. Ranar da aka ce masa, "Kai ka ce kaza," ba shi da abin da zai nuna ya ce, "Ga yadda na faɗa." A layin nan ma haka aka yi. Mutum uku ko huɗu da ba su yi barci da wuri ba sun ga zargin da dare, kafin azahar labari ya zaga cewa an ce ma'aji ya sayi babur ya kuma sa ranar auren 'yarsa da kuɗin ruwa. Mai zargin bai taɓa faɗin zancen aure ba, amma da me zai musa?

Sa'an nan sai a duba wane ne mai maganar. Abin da na roƙa wa yarinya 'yar shekara 16 ba zan roƙa wa mai neman mulkin ƙasa ba. Jim kaɗan bayan kisan Deborah wani saƙo ya fito da sunan Alhaji Atiku Abubakar, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, a Twitter da Facebook, yana tir da kisan yana neman a hukunta masu laifi. Ba a daɗe ba aka share shi. Ya yi bayani da Hausa cewa an sa saƙon ba da izninsa ba. A watan Disamba na shekarar, a wani taron talabijin, ya sake faɗin haka, ya kuma ce ya yi tir da kisan a maganganunsa na baya. Abin da ke cikin zuciyar mutum ba aikina ba ne in auna. Abin da ya faru a fili shi ne abin lura: saƙon bai ɓace ba, jaridu sun buga hotonsa, sharewar kuwa ta zama magana mai zaman kanta, ta fi saƙon ƙara, aka yi ta tambayarsa a kanta har aka shiga zaɓen 2023. Maganar shugaba ba rubutun allo ba ce. Da ita jama'a suke auna shi, kamar yadda mai saye yake auna hatsi da mudu, wanda ya rage mudu kuwa kowa ya san sunansa a kasuwa. Duk wanda jama'a suka ɗora wa amana, ko hakimi ne, ko shugaban makaranta, ko ma'ajin rijiyar layi, gwargwadon girman amanarsa gwargwadon ƙanƙantar ikonsa na sharewa. In ya sake ra'ayi ya faɗa a fili, a ga na dā a ga na yanzu. Mu da muke tsayawa gaban jama'a kowane mako muna magana, wannan tsinke idonmu ya fi tsonewa.

A nan ne na gane ashe abu biyu muke haɗawa cikin suna ɗaya. Akwai janye magana, akwai ɓatar da sawunta. Mai janyewa yana cewa, "Na faɗa, ban kyauta ba, na tashi daga kai." Mai ɓatar da sawu so yake a ɗauka bai taɓa faɗa ba. Na farkon hakkin kowane ɗan Adam ne, ba mai ikon ɗaure mutum a kan ra'ayin da ya bari. Na biyun neman a sake abin da ya riga ya auku ne, wannan kuwa ba a ba kowa ba, sarki ko talaka.

Wani dattijo na Afirka ta Arewa ya nuna hanyar janyewa tun da daɗewa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, ya rubuta littattafai masu yawa tun da ƙuruciyarsa. Ya san ɗacin magana ta kuɓuce wa mai ita, gama akwai wani babban littafinsa da waɗansu suka ɗauke kafin ya gama shi, suka baza. Wajen shekara ta 427, yana da shekara 70 da 'yan kai, ya zauna ya bi littattafansa guda 93 ɗaya bayan ɗaya, bisa ga yadda suka biyo juna, ya rubuta wani sabo wanda ba abin da ke cikinsa sai duba na baya. Inda ya ga bai daidaita ba ya nuna wurin, ya faɗi abin da ya kamata ya ce. Bai aika a ƙone tsofaffin ba, gama yana so mai karatu ya ga yadda ya yi ta ƙaruwa yana rubutu. Ya rasu a 430, girmansa kuwa bai ragu ko kaɗan ba don ya ce ya yi kuskure. Ko magatakardan majalisar ekklesiya ya san wannan ƙa'ida. In an sami kuskure a littafin rahoton taro ba a yage shafin. A taro na gaba ake karantawa, a gyara, a rubuta gyaran, shugaba ya sa hannu. Littafin da aka ga an yage masa shafi ɗaya, duk sauran shafuffukansa sun shiga tuhuma.

Wani zai ce, "Ka faɗi da kyau, amma ba ka san mutanenmu ba. In na fito na ce na yi kuskure, ba yafewa za a yi ba, ajiyewa za a yi, a ɗauko ranar faɗa." Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ta kuma nuna laifin ba na mai magana kaɗai ba ne. Masu ji ma suna da nasu kaso. Akwai mutanen da wayarsu ta zama rumbu, amma kurakuran 'yan'uwansu suke tarawa a ciki. Kowa ya yi tuntuɓe da baki sun ɗauki hoto sun adana, ko bayan shekara biyar za su zaro shi ranar da suka ɓata da shi. Irin waɗannan su ne suke koya wa jama'a sharewa a ɓoye. Inda ake karɓar uzuri mutane sukan fito su ce sun yi kuskure, inda ba a karɓa kowa magogi yake nema. In muna so mutum ya bar ɓatar da sawu, sai mu yarda cewa maganar da aka janye a fili ta janyu, kada a sake dukan mai ita da ita.

Har dokokin duniya sun fara laluben wannan iyaka. Wani mutumin ƙasar Sifaniya ya ci bashi, a 1998 jarida ta buga sanarwar gwanjon kadararsa. Maganar bashin ta ƙare, shekaru suka wuce, amma duk wanda ya nemi sunansa a Google sai sanarwar nan ta fito masa. Ran 13 ga Mayu 2014 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce yana da iko ya nemi Google ya daina haɗa sunansa da tsohon labarin. Jaridar kuwa ba a taɓa ta ba, tana nan a ma'ajiyarta ga mai bincike. Ni dai na ga hikima a nan, gama ba a ƙaryata abin da ya faru ba, an dai hana a rataya wa mutum shi a wuya kullum. A ƙasarmu ma dokar kare bayanan jama'a, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ba mutum iko ya nemi a share bayanan da suka shafe shi, bisa ga waɗansu sharuɗɗa. Amma doka tana magana ne a kan abin da kamfani zai yi maka. Abin da ke tsakaninka da maƙwabcinka kuwa, ba alƙalin da zai shigo zauren layinku da tsakar dare.

Bari in koma ga baƙina biyu. Na tambayi mai zargin, "Malam, da ka share, wa kake so ka rufa wa asiri, ma'aji ko kanka?" Ya yi shiru yana duban tabarma, can ya ce, "Da fari shi. Amma da na ga mutane ba su gani ba, sai na ji sanyi don kaina." Na gaya masa ban ga laifin sharewar ba, kashe wuta ne. Laifin yana cikin shirun da ya biyo baya, gama ya ɗauke zargin ya bar ma'aji yana biyan kuɗin ɗaukewar. Da ya share ya rubuta layi biyu a wurin, da ba su zo gidana ba.

Ya ɗauki wayarsa. Ya rubuta ya goge har sau uku, ba wanda ya tanka masa, gama tun bai aika ba maganar tasa ce. A ƙarshe ya karanta mana: "Jama'a, daren jiya na zargi ma'aji da cin kuɗin rijiya. Ba gaskiya ba ne, ban bincika ba. Ni na share saƙon. Abin da kuka ga ya rubuta amsa ce ga abin da na fara. Ina roƙonsa gafara, ina roƙonku." Ya aika.

Ma'aji ya karanta a tasa wayar, ya daɗe bai ɗaga kai ba. Sa'an nan ya ce, "To, Fasto, ni fa? Nawa ukun suna nan tsaye. In share?" Na ce ba ni ya kamata ya tambaya ba, gama ba ni suka taɓa ba. Ya juya ga maƙwabcinsa ya ce, "Malam, in share?"

Maƙwabcin ya ce, "Share na bashin, ka share na gidanmu, gama tsohuwata tana da mai karanta mata waya. Amma inda ka ce mini maƙaryaci, bar shi. Wannan na ci shi."

Ma'aji ya share biyu ya bar ɗaya. Suka sha ruwan, ko da yake sanyinsa ya riga ya tafi, suka fita tare. Kayan aikin sun iso daga Kano ran Talata.